Gahawar Ɗan Fari

Ni ba a gidan masu shan gahawa aka haife ni ba. A garinmu, can ƙasar Katsina, shayi muka sani, shi ma sai an zuba masa madara har ya yi fari, a bi shi da suga ba tausayi. Da na zo Abuja aiki ina saurayi, na kama ɗaki a bayan Kasuwar Wuse, abin da nake kira gahawa shi ne garin nan na 'yar leda da mai shayi yake kaɗa mana da safe. Ina sha ne kawai don kada gyangyaɗi ya kunyata ni a ofis. Ban taɓa zaton abu ne da mai hankali zai tsaya yana shinshinawa ba.

Wata tafiyar aiki ce ta lalata ni. An tura mu tsaunin Mambila, mai masaukinmu ya soya 'ya'yan gahawar gonarsa a gabanmu yadda ake suyar gyaɗa, ya daka, ya dafa, ya miƙo min ita baƙa ƙirin ba suga. Don kunya na karɓa. Kurɓar farko na ji kamar an mare ni. A ta biyu sai na ji wani ɗan zaƙi can ƙarshen harshe, irin na goriba. Na dawo Abuja da ƙulli guda a jakata, kuma tun daga ranar ban sake zama mutumin kirki ba.

Kafin in yi aure mu koma wani gida a Gudu, ciwon ya riga ya yi nisa. Matata, malamar makaranta ce 'yar Zariya mai bakin tsiya, ta shigo gida ta tarar na mamaye kusurwa guda ta kicin. Akwai ɗan injin niƙa na hannu. Akwai ƙaramin sikeli da nake auna 'ya'yan gahawar, da wani tsinke na auna zafin ruwa, da takardun tata, da wata butar ƙarfe mai dogon siririn wuya wadda ko taɓa ta ba na so a yi. Kwalabe kuwa sun yi layi: ta Mambila, ta Habasha, ta Ruwanda. Aikina shi ne in haɗa kaɗan daga nan da kaɗan daga can, in niƙa, in tsiyaya ruwa a hankali, in rufe ido in kurɓa, sannan in sanar da duniya abin da na ji.

"Wannan akwai ƙamshin lemon tsami a farko, sai tsamiya ta biyo baya," in ce mata.

"Ni dai ƙaurin tukunya nake ji," in ji ta. "In tsamiya kake so ga ta can a kwando, ba sai an je Habasha ba."

Mutum ɗaya tak na musuluntar zuwa addinin gahawa, shi ne maƙwabcinmu na ƙasa, wani Bagwari mai shagon kayan gyaran mota a Apo. Ƙamshi ne ya hauro da shi bene wata Asabar, daga nan ya zama ɗan gida. Ya fi ni zaƙewa, don har ƙaramin cokalinsa na ɗanɗano ya saya yana yawo da shi a aljihun gaba. Matsalarsa ɗaya ce. Duk haɗin da na ba shi, ko daga wace ƙasa ya fito, zai zuƙa da ƙara, ya ɗaga ido sama, ya daɗe yana nazari, sannan ya ce, "Oga, ni gauta nake ji." Wani lokacin ɗanyen gauta, wani lokacin gautan da ya kwana. Ban taɓa raina masa ba, domin ni ma rabin abin da nake cewa ina ji, a jikin ledar gahawar na karanta.

Muna cikin wannan hali aka kawo mahaifiyata Abuja a duba mata ido.

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun ana yaye ni kakata ta ɗauke ni. Yaya nake ce wa mahaifiyata, domin da sunan na ji ƙannenta suna kiranta. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ko wani yaro ne a unguwa yake da irin sunan, sai ta ce masa "mai sunan wancan". In na durƙusa na gaishe ta, bango take amsa wa. In tana da saƙo gare ni, sai ta gaya wa duk wanda yake kusa, ko da ina zaune a gabanta. Ƙannena su hau cinyarta, ta zage su ta rungume su, ni kuwa in tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Na san al'ada ce, kowa ya gaya min ba ƙiyayya ba ce. Amma ba zan ɓoye ba, har na yi furfura a gemu ina kwaɗayin in ji yadda sunana yake fita daga bakinta.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne ciwon suga ne ya yi ajalin mahaifinmu. Yaya ce ta yi jinyarsa shekara da shekaru. Ita ce ta raba shi da shayi mai zaƙi, ita take jiƙa masa sassaƙen maɗaci ya sha da sassafe yana yamutsa fuska, ita ta ga yadda ya rame yana zaryar banɗaki. Babu wata alamar ciwon nan da ba ta haddace ba.

Ranar da ta sauka lafiya lau muka yi, sai dai abu guda. La'asar na yi na ji ƙarar ƙarfe a tsakar falo, na leƙo na ga Yaya ta fito daga banɗaki riƙe da butata mai dogon wuya. Ta yi alwala da ita. Ta miƙa wa matata tana yabawa.

"Butar nan taku ta iya tsiyaya. Ba ta ɓarnar ruwa ko kaɗan."

Na ja matata gefe na ce ta taimaka ta yi mata bayani. Ta ce ai ba ita ta haife ta ba, in je in yi da kaina. Haka na sayo butar roba mafi kyau a kasuwar Gudu na ajiye a ƙofar ɗakin Yaya, tawa kuma na wanke ta har hannuna ya yi ja, na ɗora ta can saman kabad.

Washegari bayan na dawo daga masallaci na shiga kicin kamar kullum. Ban lura ba ashe daga inda Yaya take zaune a kan dardumarta, ana hango kusurwata tsaf. Idon da aka ce ya samu matsala bai bar komai ya wuce shi ba. Ta ga ɗanta na fari yana auna wasu baƙaƙen ƙwayoyi a sikeli, yana cire ɗaya yana mayar da ɗaya. Ta ga ya tsoma tsinke a ruwa yana duba lamba. Ta ga ya tace wani baƙin ruwa a ɗan kofi, ya sha tun bai karya ba, ba suga ba madara, ya rufe ido yana yamutsa fuska. Kafin in fita ofis kuma ta ga na shiga banɗaki na fito, na sake komawa. Ga shi dama na ɗan rame tunda na daina shan zaƙi.

Duk abin da ya biyo baya daga bisani na ji shi a bakin matata. Ina fita Yaya ta kira ta.

"Wannan abin da mai gidan naki ke sha da safe, tun yaushe?"

Matata ta ɗauka dama ce ta samu ta kai ƙarata a yi min faɗa, sai ta gyara zama. "Ai Hajiya ya daɗe. Tun kafin a kawo ni."

"Kullum?"

"Kullum ta Allah. Ran da bai sha ba, ciwon kai kamar ya tsage. Ba mai iya yi masa magana."

"Nan garin ake saida shi?"

"Ina! Wani daga Habasha ake kawo masa, wani daga Ruwanda. Wai na kanti ba ya yi masa."

"Suga hwa?"

"Suga? Ko kusa da shi ba ya so a kawo."

Yaya ta ce, "Allah shi kyauta," ta juya ta fuskanci bango. Matata ta tashi tana jin haushin ƙararta ba ta karɓu ba. Ita kuwa Yaya ta gama yanke hukunci: ciwon ubana ya kama ni, ya yi tsanani har sai an nemo magani daga ƙasashen waje, kuma muna ɓoye mata don kada hankalinta ya tashi. Uwar wani za ta kira ɗanta ta tambaye shi. Yaya ba ta da wannan hanyar. Sai ta kama aiki a ɓoye.

Abu na farko, suga ya ɓace daga gidan. Matata ta nemi kwalinsa sama da ƙasa ta rasa. Na biyu, abincina ya sauya. Kowa a ba shi shinkafa da miya da soyayyen nama, ni a ajiye min tuwon acha da miyar shuwaka wadda ba a wanke ɗacinta sosai ba. Na tambayi matata laifin da na yi, ta ce umarnin Hajiya ne, wai ta ce shi ya fi dacewa da magidanci. Wata rana abokin aikina ya kawo mana lemon kwalba, ina miƙa hannu Yaya ta yi gyaran murya ta ce wa labule, "A bai wa baƙi dai." Na janye hannuna.

Na uku shi ne babba. Muna wajen aiki ta lallaɓa kasuwar Gudu ta nemo masu magani, ta sayo sassaƙen maɗaci da hulba. Ta soya su sama-sama, ta daka a turmin matata, ta tankaɗe har garin ya yi laushi, launinsa kuma ya zo daidai da na gahawa. A ganinta maganin Habasha yana ƙoƙari, amma bai san jininmu ba. Kullum in na tafi sallar asuba sai ta kwance gindin injin niƙana, inda gari yake taruwa, ta barbaɗa nata a ciki ta mayar ta ɗaure. Ni kuma in dawo in auna 'ya'yan gahawata da tsantseni, in zuba ta sama, in niƙa a kan nata.

A lokacin ina gwada wani sabon haɗi ne, Mambila da Habasha da ɗan kaɗan na Ruwanda. Safiyar farko da na kurɓa sai da gashin jikina ya tashi. Wani ɗaci ne ya bi ta maƙogwarona ya sauka ya zauna, ya ƙi tafiya har azahar. Mai hankali zai ce wani abu ya lalace. Ni cewa na yi na gano wani abu. Na ce wa matata wannan haɗin yana da zurfi, ba kowane harshe ne zai fahimce shi ba.

Na aika aka kira maƙwabcina. Ya zaro cokalinsa, ya zuƙa, idonsa ya kawo ruwa. Ya dafa bango.

"Oga, wannan gahawa ya yi ƙarfi fa. Yana shiga har kunne."

"Me ka ji?"

Ya yi nazari fiye da kullum. "Wannan ba gauta ba ne, oga. Kakan gauta ne."

Muka tafa. Ya ce ko a manyan otal-otal na cikin gari bai taɓa shan irinsa ba, ya kamata in fara ƙullawa ina sayarwa. Da zai fita ya durƙusa ya gai da Yaya. Ta dube shi da tausayi, don ta ga shi ma ya sha.

"Kai ma kana ciki ashe?"

"Ina ciki sosai, Mama. Oga ne ya sa ni a hanya. Matana ma ya gaji da magana."

"Allah shi ba ku lafiya."

"Amin, Mama," in ji shi, ya sauka yana murna tsohuwa ta sa masa albarka.

Haka muka ci gaba. In na yamutsa fuska da safe, Yaya ta ɗauka ciwo ne yake motsawa, gobe ta ƙara yawan garin. In ɗacin ya ƙaru, ni in ɗauka harshena ne yake ƙara wayewa. Na rage zafin ruwa, na ƙara, na sauya laushin niƙa, ɗaci na nan daram. Tuwon acha kuma ya ci gaba da aikinsa har wandunana suka fara zamewa. Duk ramar da na ƙara, a idon Yaya take sauka. Na lura ta rage cin abinci, sallolinta sun ƙara tsawo, amma na ɗauka fargabar aikin ido ce. Wani lokacin in ina ɗaura takalmi sai in ji kamar ana kallona, in na ɗago in ga ta riga ta mayar da fuskarta ga bango.

Ranar da abin ya fashe Asabar ce da hantsi. Na shirya babban ɗanɗano, irin wanda masana suke yi. Ana jera ƙananan kwanuka, kowanne da irin gahawarsa, a zuba ruwan zafi, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya da cokali ana zuƙa. Ƙa'idar ita ce ba a haɗiyewa. Ka zuƙa, ka juya a baki, ka tofar a wani kofi, in ba haka ba abin zai yi maka yawa. Kuma ba a cin komai kafin a fara, don kada harshe ya rikice. Kicin ya yi mana kaɗan, sai muka jera kayan a teburin falo. Yaya ta ga kwanukan tun daren jiya a kife, ta fahimci gobe ranar babban magani ce, saboda haka da asuba ta cika gindin injin nan da hannu sake.

Muka fara. Maƙwabcina ya zuƙa fuuut, ya tofar, hankalinsa kwance. Ni ma na zuƙa, na ɗauko kofin tofarwa, sai na hango Yaya zaune a bakin ƙofar ɗakinta da carbi. To ni ɗan fari ne. Ko dariya mai ƙarfi ban taɓa yi a gabanta ba, balle in tsaya ina tofar da abu daga bakina tana kallo. Na haɗiye. Na je kwano na gaba, na duba, tana nan. Na haɗiye. Muka zagaye teburin, muka sake zagayowa don a ji yadda ɗanɗano yake sauyawa in ta huce, muka kuma komawa saboda maƙwabcina ya ce gautan kwano na tsakiya bai fito masa sosai ba. Ni dai haɗiya nake yi, a kan cikin da rabonsa da abinci tun tuwon achan jiya.

Na fara jin zuciyata tana gudu. Gumi ya karyo min duk da fanka tana juyawa. Cokali ya shiga kaɗawa a hannuna yana buga bakin kwano. Na buɗe baki zan ce wannan na ƙarshen yana da ƙamshin aya, sai falon ya juya. Na nemi kujera na rasa, na sulale na zauna daɓas a ƙasa na jingina da ƙafar tebur.

A nan ne na ji shi. Sunana, cikakke, da ƙarfi, da wata murya da na sani amma ban taɓa jin ta ɗauke shi ba. Ta kira, ta sake kira. Kafin in gane abin da ke faruwa Yaya tana durƙushe a gabana, carbi ya faɗi can gefe, ɗankwali ya zame. Ta tallafo haɓata da hannu ɗaya, tana kallon tsakiyar idona. Da ɗaya hannun ta kwance haɓar zaninta, sai ga ƙwayoyin suga a ƙulle. Ashe can sugan gidanmu ya koma. Ta san daga jinyar mahaifina cewa in mai ciwon ya fara gumi da karkarwa, suga ake tura masa a baki maza-maza. Tun ranar da ta yi magana da matata take yawo da su a jikinta, ta kwana da su ta tashi da su, tana jiran wannan ranar.

Ta shiga cusa min. Ɗaya, wani, wani kuma. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana yi wa mutane wa'azin illar suga a gahawa, ga shi zaune a ƙasa kumatu cike kamar gafiya.

"Tauna!" in ji ta. "Tauna mana! Haka ubanka ya yi mani. Kai ba za ka yi mani haka ba, ka ji ko?"

Ina so in yi magana, babu wuri a bakin. Hawaye ne kawai suke zuba, kuma ba zan ce duka na jiri ba ne. Maƙwabcina yana tsaye da cokali a hannu yana ta faɗin "Jesus, oga, Jesus." Matata ta fito da gudu daga kicin.

"Ku da kuka ɓoye mani," Yaya ta juya kanta, "ga shi nan ai. Ciwon suga abin ɓoyo ne?"

"Ciwon suga? Wa ke da ciwon suga?"

"To maganin mi yake sha kullum da asuba?"

Matata ta dubi kwanukan, ta dube ni, ta dubi Yaya. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata, tun daga hirar Habasha har tuwon acha. Ta toshe bakinta da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Hajiya, wallahi lafiyarsa ƙalau. Gahawa ce. Don daɗi yake sha."

"Daɗi?"

"Daɗi, Hajiya."

Yaya ta saki haɓata a hankali. Ta miƙa hannu ta ɗauki kwanon farko, ta kurɓa, ta runtse ido.

"Wannan ai nawa ne ya yi yawa," ta ce. "Da can kafin in fara sa mashi maɗaci ma haka yake sha don daɗi?"

"Wane maɗaci, Mama?" in ji maƙwabcina.

Matata ta kasa riƙewa, ta zube a kujera tana dariya har da riƙe ciki. Shi kuma ya dubi cokalinsa ya daɗe, ya goge shi da gefen riga, ya mayar aljihu. Ni ina ƙasa ina tauna suga, ina tuna yadda na yi ta bayani a ofis kan haɗin nan mai zurfi.

Yaya ta miƙe, ta gyara ɗankwalinta, ta tsinci carbinta. Fuskarta ta koma yadda na san ta tun ina yaro. Ta dubi labule ta ce, "A gaya ma wancan, mutum da lafiyarshi bai shan ɗaci. Wannan iskanci ne." Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Duk da haka ba ta yarda ba sai da ta sa aka raka ni aka gwada jinina, aka zo aka gaya mata lafiya lau. A ranar ta ci abinci har ta nemi ƙari. Shinkafa ta dawo kwanona. Na wanke injin niƙa, na shanya shi, na sake wankewa, amma ya daɗe yana ba ni labarin hulba. Maƙwabcina ya yi sati bai hauro ba. Da ya dawo na ba shi haɗin tsantsa ba maɗaci, ya zuƙa ya ce ba laifi, amma gaskiya na Mama ya fi ƙarfi.

Na tambayi matata a ɓoye ko ita ma ta ji an kira sunan, don kada ya zama jiri ne ya raɗa min. Ta ce har maƙwabta sun ji. Da yamma tana yi wa Yaya tsifa ta tsokane ta.

"Hajiya, ashe kin iya sunan."

"Wane suna? Ni salati na yi."

An yi aikin ido lafiya. Safiyar da za ta koma Katsina, kayanta suna ɗaure a bakin ƙofa, na shiga kicin na yi haɗin da na fi ji da shi. Na auna, na niƙa, na tsiyaya da butata mai dogon wuya, komai ya fita yadda ake so. Na kawo kofin falo na ajiye a tebur ya ɗan huce, na juya ɗauko makullin mota. Ina dawowa na tarar da Yaya tsaye a kansa. Ta kwance haɓar zaninta, ta juye duk ragowar sugan nan a ciki, ta juya da cokali har ya narke. Ta tura kofin gefen da nake, ba ta dube ni ba.

"A shanye," ta ce wa bango.

Gahawar Habasha ce mai ƙamshin fure, wadda na daɗe ina tattali. Ta koma ruwan alewa, ba lemon tsami ba tsamiya, ko gauta babu. Na ɗauka da hannu biyu na kafa kai. Yaya ba ta motsa daga wurin ba sai da ta ji ƙarar kofin a kan tebur, ta leƙa ta tabbatar babu saura, sannan ta ɗauki jakarta.